Filin Ƙofar Mata Da Shekarun Da Pillars Ta Yi Gudun Hijira

Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda, ku yi haƙuri, zancen ƙwallo ne ya ɗauke mini alƙalami.

A 1999 ina sakandare lokacin da Nijeriya ta karɓi gasar matasa ta duniya, Kano na cikin garuruwan da aka buga wasa. Ni da wani abokina ɗan Kibiya muka tara kuɗin mota, muka tashi daga Rano ta Bunkure don kawai mu ga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ban taɓa ganin ciyawa shimfiɗe kamar darduma ba sai ranar. Abokina ya ce, "Kai, wannan duk kuɗin wa?" Na ce na gwamnati mana. Ya ce, "To ai namu ne ke nan." Dariya na yi masa a lokacin.

Filin ya ga manyan wasanni: gasar cin kofin Afirka ta 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma mai gidan na kullum ita ce Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda aka kafa a 1990 bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin ita an yi Raccah Rovers da ta ci kofin ƙasa a 1978, dattawanmu har gobe suna labarinta. Pillars ta ci kofin a 2008, ta jera 2012 da 2013 da 2014, a 2009 kuwa ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka.

To ga inda nake son mai karatu ya tsaya. A Amurka ƙungiyoyi na attajirai ne, fili kuwa sau da yawa da harajin gari ake ginawa. In attajiri ya so sabon fili sai ya ce a gina masa ko ya kwashe ƙungiyarsa. A Maris 1984 mai Colts ya loda kayan ƙungiyar a manyan motoci cikin dare daga Baltimore zuwa Indianapolis, mutanen gari suka wayi gari ba ƙungiya. St. Louis ta gina wa Rams fili a 1995, Rams ta koma Los Angeles a 2016, aka bar gari da ragowar bashi. Raiders kuwa dala miliyan 750 na kuɗin jama'a aka zuba mata a filin Las Vegas, ta bar Oakland a 2020.

Mu nan ba mu da wannan attajirin. Fili na gwamnatin jiha ne, ƙungiya ta gwamnatin jiha ce, albashin 'yan wasa daga baitulmali yake fita. Da na ɗauka wannan ya isa ya ɗaure Pillars a Kano har abada. Ashe ba haka ba ne.

A 2020 annobar korona ta zo, aka mayar da filin wurin killace marasa lafiya. Ban ga laifin wannan ba, rai ya fi ƙwallo. Sai dai annoba ta lafa fili bai gyaru da wuri ba, Pillars ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna tana kiransa gida. Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, kyaftin ɗin Nijeriya guda, amma a Kaduna ya sa rigar. A Afrilun 2022 aka dawo Ƙofar Mata, wasa da Katsina United ya ƙare da tarzoma, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyar ta tura ta Abuja. Shekarar nan Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, sai 2023 ta hauro. A Oktoban 2025 aka sake yi a wasa da Shooting Stars, aka sake korar ta, wannan karon zuwa Katsina.

Wallahi na biyu da na ukun sun fi yi mini ciwo, domin ba wanda ya kwashe mana ƙungiya cikin dare. Masu jifan nan da hannunsu suka loda ta a mota. Mai sayar da gurasa da mai ruwan sanyi a bakin fili suka rasa kasuwa, gwamnati kuma ta biya mota da masauki a wani gari, ga fili a gida yana cin kuɗin gyara.

Kuma kuɗin nan har da rabon manomin Kibiya da bai taɓa taka Ƙofar Mata ba, wanda yaransa ke buga ƙwallo a filin firamare da turaku biyu ba raga. Kwanaki na haɗu da abokin nan nawa a kasuwar Rano, ya zama magidanci da furfura a gemu. Na tuna masa maganarsa ta 1999, sai ya ce shi yanzu a gidan kallo yake kallon Arsenal.