Kare a Bakin Bature da Bakin Bagobiri

A tsohon Ingilishi, "hund" ake kiran kare. Kalmar "docga", wadda ta zama "dog", ta bayyana a rubuce ne wajen ƙarni na 11. Zuwa ƙarni na 16 ta mamaye harshen, "hound" kuwa ta koma sunan karen farauta kaɗai. Daga bisani ta zama lambar yabo: ɗan jaridar da ke sa wa gwamnati ido shi ne "watchdog", wato karen gadi.

A ƙasar Gobir, daga Tsamaye zuwa Isa, kalmar wata hanya ta bi. Kare abokin mafarauci ne, kuma mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki rayayyen kare a matsayin najasa ba. Duk da haka, kiran mutum da sunansa zagi ne mai zafi. Bayan jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, manyan motoci suka yawaita a hanyoyin gyaɗa da auduga. Yaron direba, mai ɗaukar kaya da sa waigi, shi ake ce wa karen mota. Siyasa kuma ta kawo karen farauta: matashin da uban gida ke sakawa ya ci mutuncin abokin hamayya.

A Hausa, kare kullum na wani ne. Don haka mai fassara ya yi hattara: idan ya kira ɗan jarida karen gadi, mai sauraro a Sabon Birni zai tambaya, wa ke ba shi tuwo?