Daga Mazari Zuwa Turmin Zinariya: Sana'ar Mata a Yammacin Zamfara

Masu nazarin tattalin arzikin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga gona da kasuwa, watau wuraren da ake ganin maza. Amma a yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Zamfara, akwai wata ma'aikata da ba a cika lissafawa da ita ba, ita ce tsakar gida.

Tun kafin zuwan Turawa Zamfara ta yi suna wajen auduga. Namiji ke noma ta, amma mace ce ke gurzar ta, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta da mazari, sa'an nan masaƙa da marina su sami abin yi. Kuɗin zaren kuwa nata ne, gama shari'ar Musulunci ta ba ta ikon mallakar dukiyarta. Ta fuskar ilmi ma daular Sakkwato ba ta manta da ita ba, domin Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauye.

Zamanin mulkin mallaka ya sauya wannan tsari. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929, aka riƙa kwasar auduga zuwa Ingila, yadin kanti kuma ya cika kasuwa. Da aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957, sai kasuwar zaren hannu ta ƙara faɗuwa. Mata ba su naɗe hannu ba, suka ƙarfafa ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da fura. To, amma matar kulle ba ta zuwa kasuwa, 'yarta ce ƙafarta. Daga ribar tallan nan ake zuba adashi, a kuma tara kayan ɗaki.

A nan ne makarantar boko ta yi karo da faifan talla. An buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, da ta horon malamai mata a Sakkwato a 1939, shirin ilmin firamare kyauta kuma ya zo a 1976, shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Duk da haka uwar da ta tura 'yarta aji ta rasa mai kai mata kaya kasuwa, saboda haka iyaye da yawa a ƙauyuka suka zaɓi talla.

Illar ƙarancin ilmi ta bayyana a 2010. Tsadar zinariya a kasuwannin duniya ta sa maza suka duƙufa ga haƙar duwatsu, suna kawo su gida, mata suna dakawa a turmi, yara na wasa cikin ƙurar. Ba wanda ya san duwatsun cike suke da dalma. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo da magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje.

Abin lura shi ne, cikin shekaru ɗari abin da ke hannun macen Zamfara ya sauya sau biyu, daga auduga zuwa gyaɗa, daga gyaɗa zuwa dutsen zinariya, amma wurin aikinta bai sauya ba. Ma'aikacin gwamnati da ke shirya tsarin ilmi ko na lafiya domin wannan yanki, in bai san abin da uwa ke samu daga talla ba, bai kuwa tanadi abin da zai maye mata shi ba, zai gina aji ya rasa 'yan matan da za su zauna a ciki.