Yadda Ƙofar Makarantun Cocin Ingila Ta Faɗaɗa

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila na Cocin Ingila ne, wato cocin Angalika, kuma yara kimanin miliyan ɗaya ne ke karatu a makarantun wannan coci. Asalinsu yana komawa ga shekarar 1811, lokacin da wasu manyan 'yan cocin, ciki har da attajiri Joshua Watson, suka kafa ƙungiyar National Society a Landan da nufin a samu makaranta a kowace gunduma ta coci. Cikakken sunan ƙungiyar ya fayyace abubuwa biyu: karatun na 'ya'yan talakawa ne, kuma za a ba da shi bisa koyarwar cocin ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun ne aka yi ta ja-in-ja har yau.

A wancan zamani babu makarantar gwamnati ko ɗaya. Ɗan leburan gona ko na masaƙa yakan fara neman kuɗi tun bai kai shekara goma ba, kuma cikin masu hannu da shuni akwai masu ganin cewa koya wa talaka karatu tayar da zaune tsaye ne. Saboda haka buɗe masa makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗi kuwa babu, sai aka ɗauki tsarin Andrew Bell, wanda ya ƙirƙiro a gidan marayu na Madras a Indiya. Malami ɗaya yakan tara yara ɗari ko fiye a zaure guda, ya koyar da manyan cikinsu, su kuma su biya wa ƙanana, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo a tsangaya. Masu farawa a kan yashi suke zana baƙaƙe da yatsa, a share, a sake.

Sai dai ƙofar tana da sharaɗi. Dole yaro ya haddace tambayoyi da amsoshin addini na Angalika, ya kuma halarci sujada ranar Lahadi. A birni, iyayen da ke bin wata ɗarika, kamar Methodist ko Baptist, suna iya kai ɗansu makarantar ƙungiyar da ta taso daga aikin Joseph Lancaster, inda ake karanta Littafi Mai Tsarki ba tare da aƙidar wata ɗarika ba. A ƙauye kuwa makaranta ɗaya ce tak, ta coci, don haka ko dai uba ya haɗiye aƙidarsa ko ɗansa ya tashi jahili. 'Yan mata ana karɓarsu tun farko, amma ɗinki yakan cinye musu wani ɓangare na ranar, domin aikatau ake shirya yawancinsu. Ana kuma biyan 'yan kwabbai duk mako, har zuwa 1891 da karatun firamare ya zama kyauta ga akasarin yara.

Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar kuɗin hukuma. A 1833 majalisa ta ware fam 20,000 don taimaka wa ƙungiyoyin biyu gina makarantu, kuma da ma mai ba da kuɗi ba ya rasa ta cewa. Dokar Forster ta 1870 ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar tallafi ta ajiye darasin addini a farkon zama ko ƙarshensa, ta yadda uba zai iya janye ɗansa ba tare da yaron ya rasa lissafi ko karatu ba. Wannan ƙaramin gyara na jadawali shi ne karon farko da doka ta tabbatar a faɗin ƙasa cewa yaron da ba ɗan coci ba yana da haƙƙin zama a ajin coci da aƙidarsa. Rigimar ba ta mutu nan ba. Da dokar 1902 ta ce a riƙa ciyar da makarantun coci daga harajin ƙananan hukumomi, dubban mabiya sauran ɗariku, ƙarƙashin jagorancin limamin Baptist John Clifford, suka ƙi biya. An kwashe kayan ɗakin wasu an yi gwanjonsu, wasu kuma sun kwana a kurkuku.

Dokar Butler ta 1944 ce ta shimfiɗa tsarin da makarantun coci da yawa ke kai har yanzu. Ta raba yawancinsu gida biyu. A kashi na farko ƙaramar hukuma ke biyan komai, ita ke kuma tsara ɗaukar ɗalibai. A na biyu coci na riƙe da rinjaye a hukumar gudanarwa, yana da iko kan ɗaukar malamai da ɗalibai, amma yana biyan wani kaso na kuɗin gini, wanda ya fara da rabi, yau ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100.

Duk wannan tarihi an yi shi ne ba tare da wasu yara ba. Har zuwa dokar 1970, yaran da ke da naƙasar ƙwaƙwalwa mai tsanani ana rubuta su a matsayin waɗanda karatu ba zai shige su ba, a miƙa su ga hukumomin lafiya. Abin takaici ne cewa makarantun da aka kafa don marasa galihu sun shafe shekara 160 ƙofarsu na rufe ga waɗanda suka fi kowa rashin galihu. Rahoton Mary Warnock na 1978 ya nuna cewa yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci taimako na musamman a wani lokaci na karatunsa, kuma dokar 1981 ta ce a koyar da irin waɗannan yara tare da 'yan uwansu duk inda hakan zai yiwu. Yau kowace makaranta dole ta naɗa malamin da ke kula da masu buƙata ta musamman, kuma tsofaffin gine-ginen dutse an yi musu gangara don keken guragu.

Babbar jarrabawa ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da baƙi daga Karebiyan, Indiya, Pakistan da Bangladesh suka zauna a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Bradford, Blackburn, Birmingham da gabashin Landan. Makarantar unguwa sau da yawa ta coci ce, sai ga aji cike da 'ya'yan Musulmi da Hindu da Sikh. Iyaye Musulmi da dama sun ma fi son ta a kan wadda ba ruwanta da addini, saboda wuri ne da ake ambaton Allah ba tare da jin kunya ba. Makarantun suka koyi abubuwan da babu su a littafin kafuwarsu: abincin halal a ɗakin cin abinci, ɗankwali mai launin kayan makaranta, uzuri ranar Sallah, da tsara taron addu'ar safe yadda ba za a tilasta wa yaro furta abin da gidansu bai yarda da shi ba.

Ba kowa ya yi na'am ba. A 1987 a garin Dewsbury, iyayen yara 26 Turawa suka ƙi kai su makarantar Headfield, ta Cocin Ingila, wadda mafi yawan ɗalibanta 'yan asalin Asiya ne. Suka ce al'ada da tarbiyyar Kirista suke karewa, ba launin fata ba. Kusan shekara guda ana koyar da yaran a wani ɗaki a saman mashaya, kafin ƙaramar hukuma ta sakar musu a kotu a 1988. Lamarin ya tilasta wa coci ya tambayi kansa ko makarantarsa ta 'ya'yan masu zuwa sujada ce ko ta duk wanda ke zaune a gunduma. Rahoton Lord Dearing na 2001 ya amsa da cewa duka biyun: makaranta ta riƙe kamanninta na Kirista a fili, ta kuma buɗe wa kowa. Manufar ilimi da cocin ya fitar a 2016 ta ɗora wannan a kan martabar ɗan Adam, kuma sufetocin coci, waɗanda ke zagayawa baya ga na gwamnati, suna duba yadda ake riƙon marasa ƙarfi a makaranta.

Inda gizo ke saƙa har yanzu shi ne rabon gurbi. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda launin fata, jinsi, naƙasa ko addini, amma ta bar wa makarantun addini damar fifita mabiyansu idan masu nema sun fi guraben yawa. A aikace wannan na nufin takarda da limamin coci zai sa wa hannu cewa iyali na zuwa sujada a kai a kai. Iyayen da suka san kan tsarin sukan fara zuwa coci shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci, yayin da uwar da ke aikin dare ko baƙon da bai iya Turanci ba sukan ji labari bayan an rufe. Bincike ya sha nuna cewa makarantun da ke tantancewa ta addini suna ɗaukar 'ya'yan talakawa ƙasa da yawansu a unguwar, wanda ya saɓa wa manufar 1811 kai tsaye. Yawancin firamaren coci, musamman na karkara, ba sa neman wannan takarda, kusancin gida suka fi dubawa. Sababbin makarantun addini masu cin gashin kansu da aka buɗe daga 2010 kuwa an ƙayyade musu cewa kada guraben da za su raba ta hanyar addini su wuce rabi.