Tsakanin Madatsu Biyu: Yadda Dokar Kifi Ta Iske Masuntan Abu Hujar

Garin Abu Hujar yana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kogin da mutanen Sudan ke kira Bahar Azrak, kudu da Sinja, hedikwatar jihar Sinnar. In ka bi ruwa ka gangara arewa, madatsar Sinnar ce za ta tare ka. In ka haura kudu ka nufi iyakar Habasha, ta Rusairis ce ke tsaye a Damazin. Duk kifin da masuncin wannan yanki zai kama, a tsakanin waɗannan katangu biyu ya girma, kuma yawan ruwan da ya yi ƙwai a ciki wani ma'aikaci ne ya ƙayyade shi da buɗe ƙofa ko rufe ta. Da yawa daga cikin masuntan nan Hausawa ne, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro ƙasar Hausa fiye da shekaru ɗari da suka wuce. Sun fi kowa sanin halin kogin, amma in an zauna tsara dokarsa ba a neman su.

A wasu ƙasashe mai ƙugiya yana da baki a gaban hukuma, kuma ba masu neman abinci ne suka fara samun wannan baki ba, masu fatsa ne don nishaɗi. A Amurka, masu fatsa 54 suka taru a Chicago a 1922 suka kafa ƙungiyar Izaak Walton domin kare koguna daga dattin masana'antu. A 1950 majalisar ƙasar ta zartar da dokar Dingell da Johnson, wadda ta ware harajin kashi goma cikin ɗari da ake karɓa a kan kayan fatsa domin kula da kifi a jihohi. A Ingila wani lauya, John Eastwood, ya haɗa kan masu fatsa a 1948 suka riƙa tara kuɗi suna kai masu gurɓata ruwa kotu. A 1952 suka kayar da kamfanin British Celanese da hukumar birnin Derby da hukumar lantarki a shari'ar kogin Derwent. Abin da ya ba su ƙarfi a fili yake: 'yan ƙasa ne masu ƙuri'a, suna biyan kuɗin lasisi, suna da takardar haƙƙin gaɓar da suke fatsa a kai, kuma suna da lauya.

Sudan ba ta taɓa samun ƙungiya mai irin wannan ƙarfi ba. A zamanin Turawa akwai masu fatsar nishaɗi, ma'aikatan gwamnati da hafsoshi da ke zuwa ƙasan madatsar Sinnar neman giwan ruwa da tsage, inda kifi ke taruwa a bakin ƙofofi. Amma su ba su da buƙatar roƙon gwamnati, domin su ne gwamnatin. Abin da suka bari shi ne tsari, kuma a cikin tsarin an haɗa kifi da namun daji a ƙarƙashin sashe ɗaya, kamar dai kamun kifi wani reshe ne na farauta.

Hausawa kuwa da ƙafa suka zo. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan ta nufi Sawakin, ta daɗe tana zubar da mutane a gaɓar Nilu, wasu kan hanyar tafiya, wasu kan hanyar dawowa. Babban kwararowa ya biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar hijira zuwa gabas, suka iso Shaihu Talha a bakin Bahar Azrak wajen 1906, daga baya suka ƙetare suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu kaɗan da Sinnar. Daga nan ƙauyukan Fulani da Hausawa suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin har zuwa Rusairis. Ba malamai da manoma kaɗai ne a cikin ayarin ba, da masu sana'ar su, waɗanda suka taso a bakin gulbi suka san birgi da kalli da mamari tun suna yara.

Sun tarar da kogi cike da kifin da suka sani: giwan ruwa da Larabawa ke ce wa ijil, karfasa wato bulɗi, tarwaɗa wato garmut, da ƙurungu da tsage da kawara. Sun kuma tarar da mutanen da hankalinsu ke kan raƙumi da tumaki da dawa, masu fifita nama a kan kifi. Har yanzu abin da ɗan Sudan ke ci na kifi a shekara, in an raba daidai, bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Fili ya samu ke nan. Bahaushe ya shiga ruwa, ya yi noman rani a juruf, wato gaɓar da ambaliya ta janye ta bar laka, ya shanya kajaik, busasshen kifin da ya zama mahaɗin miyar leburorin manyan gonakin dawa na Gadarif da Dali da Mazmum. Tsage da kawara kuma a zuba musu gishiri su zama fasikh.

Sana'ar ta ƙetaro Sahara lafiya, amma sarautarta ba ta iso ba, kuma a ganina nan ne tushen komai. A ƙasar Kabi, Sarkin Ruwa yana iya rufe gurbi ya ce ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe, kuma maganarsa ta zauna domin sarkin ƙasa na bayansa. Bikin Argungu da aka fara a 1934 a kan wannan doka yake tsaye, don ba a tara kifi a Matan Fada sai an hana taɓa shi wata da watanni. A Bahar Azrak ƙasa da ruwa suna da masu su tun kafin zuwan baƙi. Abu Hujar ita ce mazaunin nazirin Rufa'a al-Hoi, Larabawa makiyaya waɗanda abin da ya dame su a kogi shi ne mashayar dabbobi da burtalin zuwa gare ta. Can kudu kuma sarakunan Funj da Hamaj ne. Dattijon masunta yana iya sasanta rikicin kalli tsakanin 'yan'uwansa, amma ba ya iya rufe ruwa ga wanda ba nasa ba.

Sai madatsa ta zo. An fara aikin ta Sinnar a 1914, yaƙin duniya ya tsayar da shi, aka kammala a 1925, katanga mai tsawon fiye da kilomita uku, domin a shayar da gonakin audugar Jazira masu ciyar da masaƙun Lancashire. Hausawa da sauran mutanen Yamma suna cikin waɗanda suka riƙe aikin tsinkar audugar nan. A 1959 Sudan da Masar suka raba ruwan Nilu, Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5, kuma wannan yarjejeniya ce ta buɗe hanyar gina Rusairis, wadda aka gama a 1966 saboda faɗaɗa noman Managil da samar da lantarki.

Don a gane abin da wannan ya yi wa kifi, sai a san yadda kogin ke numfashi. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ake kira damira, ruwan tsaunukan Habasha yana saukowa ja wur da laka. Yana tumbatsa ya shiga ƙwaruruwan da ke bayan gaɓa, waɗanda ake ce wa maya, inda dazuzzukan bagaruwa suke tsaye cikin ruwa wata biyu ko uku. Nan ne ɗakin haihuwar kifi. Iyaye su bi sabon ruwa su shiga su yi ƙwai a cikin ciyawa da saiwoyi, 'ya'yan su yi ƙiba a inda manyan kifaye ba sa kai musu, in ruwa ya fara ja su komo kogi. Shekarar da maya ta cika da wuri kuma ta daɗe, masunci zai gani a kallinsa shekara biyu masu zuwa. Shekarar da ba ta cika ba, shi ma zai gani. To, jadawalin madatsun ba a gina shi a kan wannan ba. Ana barin ƙofofi a buɗe a tsakiyar damina don laka ta wuce kada ta cike tafki, a fara tarewa in ruwan ya fara washewa wajen Satumba, sannan a riƙa saki da rani gwargwadon ƙishirwar gonaki da buƙatar injinan wuta. Hukumar gandun daji ta kula da bagaruwar saboda katakon shimfiɗa layin dogo, har da injin yankan katako a Suki. Ba wanda aka ɗora wa kula da abin da ke iyo a ƙarƙashin itatuwan.

Dokar takarda ta biyo baya. Ta kifin teku ce ta fara fitowa a 1937, saboda Bahar Maliya. A 1950 H. Sandon ya wallafa littafinsa mai hotuna na kifayen ruwan daɗi na Sudan, a 1953 aka buɗe gonar gwajin kiwon kifi a Shajara kusa da Hartum, a 1954 kuma aka kafa dokar kamun kifin ruwan daɗi, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. An yi mata gyare-gyare, amma ita ce ginshiƙin har yau: lasisin kwale-kwale da na masunci, ƙayyade idon raga, hana guba da nakiya. Ba doka ce marar ma'ana ba. Duk masuncin kirki ya san cewa raga mai ƙaramin ido tana cin abincin baɗi, musamman bayan zaren nailan ya maye gurbin na auduga, ragar ta daina ruɓewa, kowa ya iya sayenta. Aibin dokar shi ne tana magana da masunci kaɗai. Ba ta ce komai ga mai riƙe da ƙofar madatsa, ko ga jirgin da ke fesa maganin ƙwari a gonakin auduga, ko ga famfunan da ke zuƙar ruwa a Suki da Abu Na'ama.

Ga kuma matsalar jinsiyya, wadda duk Bahaushen Sudan ya san ɗacinta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen hijirar Burmi sun makara da 'yan shekaru kawai. A dokar 1994 aka dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. Tsawon wannan lokaci an haifi mutane a bakin kogin, sun tsufa a cikin kwale-kwale, ana kiransu Fallata ko Takarir, ana musu kallon baƙi. Wanda ake tababar takardarsa ba ya zuwa ofis ya ɗaga murya a kan idon raga. Yana biyan abin da aka ce ya biya ya koma ruwa. Shugaba Numairi ya rushe mulkin gargajiya a 1971, tsarin tarayya na 1994 ya raba ƙasar jihohi 26 ya miƙa musu harkar kifi, sai kogi ɗaya ya zama na jihar Sinnar a nan, na jihar Shuɗin Nilu a can, kowace da rasidinta, ga na ƙaramar hukuma a bakin kasuwa. Kuɗin shiga ya ƙaru, masu binciken kifi ba su ƙaru ba. Ƙiyasin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana amfani da shi ya ba tafkin Sinnar tan 1,100 a shekara, Rusairis 1,700, Jabal Auliya da ke Farin Nilu kuwa 15,000. Da irin wannan lissafi ba abin mamaki ba ne idon Hartum ya fi karkata ga Farin Nilu.

A Janairun 2013 aka kammala ƙara wa Rusairis tsawon mita goma, ruwanta ya tashi daga kimanin biliyan 3 zuwa fiye da 7, aka tashi dubban iyalai daga gaɓa aka kai su sababbin matsugunai. Tafki ya faɗaɗa, masunta suka ƙaru, gonakin juruf suka nutse, ƙasa ta yi tsada. A Yulin 2022, bayan Hausawan jihar Shuɗin Nilu sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu aka hana, rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka tsere, da yawa zuwa jihar Sinnar. Abin da aka nema kujera ce a inda ake yanke shawara, kuma amsar da aka bayar ita ce tsohuwar magana, cewa mai ƙasa ne kaɗai ke da sarauta.

Ba dole ne abin ya kasance haka ba. A tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya jawo sarakunan ruwa da masu unguwanni cikin bayar da lasisi da hana tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi. Dokar ta fi kama ƙasa a lokacin domin waɗanda za ta hau kansu suna cikin masu tsaronta.

Yanzu katanga ta uku ta tsaya a sama. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, 'yan kilomitoci daga iyakar Sudan, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74 na ruwa, aka ƙaddamar da ita a Satumban 2025. Da aka fara tara ruwanta a Yulin 2020, kogi ya ja har wasu tashoshin ruwan sha na Hartum suka tsaya. Za ta rage laka, ta daidaita ruwa rani da damina, abin da injiniyoyi da manoman famfo ke murna da shi. Amma ruwan da aka daidaita ba ya tumbatsa ya cika maya kamar da. Tun daga yarjejeniyar Hartum ta Maris 2015, tattaunawar ƙasashen uku, Habasha da Sudan da Masar, a kan shekarun cikawa take da lantarki da lafiyar Rusairis. Yaƙin basasar Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba, kuma a tsakanin nan kasuwanni sun watse, ofisoshi sun rufe, mutane sun bar kwale-kwalensu a gaɓa. Masu komowa za su tarar da hukumar da ke buƙatar kuɗi, kuma rasidin lasisi ne zai riga komai dawowa. Kafin a miƙa shi, ya kamata jihar Sinnar ta ɗaure kanta da abu biyu: a riƙa sanar da ƙauyukan gaɓa kafin a saki ruwa daga Rusairis, don kada kalli da shukar juruf su tafi cikin dare ɗaya, kuma in za a sa lokacin hana kamun kifi a bakin maya, dattawan masunta na Abu Hujar da Sinja da Suki su faɗi makon da za a rufe da wanda za a buɗe.