Daga Kofaton Raƙumi Zuwa Tayar Jif: Zare Kan Tayar Da Ta Dace Da Kwaltar Katsina

1/ Ku tsaya a shataletalen Ƙofar Ƙaura na minti goma ku ƙirga jifa-jifan da za su wuce: Hilux, Prado, Land Cruiser. Da yawansu na ɗauke da taya mai manyan haƙora kamar za su shiga dajin Rugu, alhali iyakar tafiyarsu ofis, makarantar yara, sai Kano ranar Asabar. Daga ina muka samo wannan ɗabi'ar? Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Kafin mota, Katsina zangon fatake ce. Ayarin raƙuma na saukowa daga Agadas da gishiri, su koma da fata, tufafi da hatsi. Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin a 1851, ta hanyar ayari ya zo. Ƙafar raƙumi faffaɗa ce mai laushi, tana baje nauyi a kan rairayi don kada ta nutse. Ku riƙe wannan, domin dabarar da direban sahara ke yi ke nan har gobe idan ya rage iskar taya kafin ya shiga yashi.

3/ Ita taya labarinta a Turai da Amurka ya faro. Charles Goodyear ya samu rajistar dabarar gasa roba da farar wuta a 1844, abin da ya hana roba narkewa da zafi ko daskarewa da sanyi. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗaura tiyub mai iska a keken ɗansa. An riga shi wannan tunani, Robert Thomson ya yi rajistarsa tun 1845, amma na Dunlop ne ya shiga kasuwa.

4/ Wani abu da ba a cika faɗa ba: ƙishirwar roba da keke da mota suka jawo ita ta haifar da ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango, inda aka riƙa yanke hannayen mutane kan rashin cika awon roba. Abin mamaki, yau idan Bakatsine ya ce "tayar Beljiyam" gwanjo yake nufi. Za mu dawo kanta.

5/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa. Birnin Katsina bai samu dogo ba. Wannan ya sa garin ya dogara da mota fiye da Kano ko Zariya. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, En'e ta riƙa share hanyoyin mota, gyaɗa da auduga na tafiya a bayan manyan motoci zuwa inda jirgi yake.

6/ Hanyoyin nan fa burji ne da turɓaya. Da rani ƙura da rairayi, da damina taɓo da kwazazzabai, wasu ma rufe su ake yi sai ruwa ya ɗauke. Tayoyin lokacin masu tiyub ne, zarurrukan cikinsu a gicciye, jikinsu da tauri, suna ɗaukar zafi da wuri. Ƙaya ɗaya ta isa ta kwana da mutum a hanya. Daga nan sana'ar faci ta kafu, kuma duk yaron mota sai ya iya ta kafin a ba shi sitiyari.

7/ A 1948 aka fito da Land Rover a Ingila. Ba a daɗe ba ta zama motar Di'o, malaman dabbobi, malaman asibiti da masu awon ƙasa. Mota ce ta aiki, ana sa mata taya siririya mai zurfin haƙora saboda inda take zuwa babu kwalta. A idon talaka kuwa, mota mai irin wannan taya motar hukuma ce. Ni a ganina tun daga nan muka haɗa manyan haƙoran taya da iko, kuma har yanzu wannan hoton bai bar kanmu ba.

8/ Can Faransa, Michelin ta yi rajistar tayar radiyal a 1946, ta shigo kasuwa a 1949. Bambancinta: zarurrukan sun miƙe daga gefe zuwa gefe, sannan an yi mata ɗamarar waya a ƙarƙashin zane. Gefen yana lanƙwasa, fuskar da ke taka ƙasa tana nan a shimfiɗe. Sakamakon: ƙarancin zafi, tsawon rai, ƙarancin shan mai. Harafin R da kuke gani a jikin taya, kamar 265/65 R17, shi ke nufin radiyal.

9/ Mu ma mun taɓa yin tayarmu. Bayan samun 'yanci, Dunlop ta kafa masana'anta a Ikeja, Michelin kuma a Fatakwal, ga robar da ake tatsa a yankin Binin, Delta da Kuros Riba. Da PAN ta fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, kuɗin mai na shigowa, ana ta shimfiɗa kwalta, ma'aikaci na iya sayen sabuwar mota da sabuwar taya 'yar gida wadda aka yi ta da sanin zafinmu.

10/ A ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikatu suka zo, motocin gwamnati suka ƙaru, tituna suka faɗaɗa. A hankali Land Rover ta ja baya, Toyota ta karɓe fage. Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta zama ta 'yan kwangila, jami'an tsaro, 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji. Motar daji ta koma motar gari.

11/ Sai masana'antun suka mutu. Michelin ta rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a 2008. Rashin wutar lantarki da sauƙaƙa harajin tayar da ake shigowa da ita su ne manyan dalilan da aka bayar. Ƙasar da ke da itacen roba ta koma sayen kusan kowace taya daga waje: sabuwa daga Sin, Tailan, Indonesiya da Jafan, tsohuwa daga Turai.

12/ To ga tayar Beljiyam. An haramta shigo da tsohuwar taya, amma wanda ya san yadda kaya ke bi ta Kwatano, su hau Maraɗi, su faɗo ta iyakar Jibiya ya san haramci a takarda yake. Matsalarta ba tsufa kaɗai ba. Da yawa tayoyin hunturu ne, robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don ƙanƙara. Idan ka ga hoton dutse mai kololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki, ka san an tantance ta don ƙasar sanyi. Kai kuma za ka ɗora ta kan kwaltar Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40.

13/ Zafi shi ne babban makashin taya, kuma duniya ta koyi wannan da jini. A Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, yawancinsu a jikin jif ɗin Ford Explorer. Zanen tayar ne ke ɓallewa daga jikinta ana cikin gudu, motar ta wuntsila. Sama da mutum 200 suka mutu a Amurka. Inda abin ya fi tsanani: jihohi masu zafi, da ƙasashe irin Saudiyya da Benezuwela.

14/ Ku lura da kamannin. Jif mai tsayi da nauyi, taya samfurin "ko'ina da ko'ina", iska ƙasa-ƙasa, doguwar tafiya kan kwalta mai zafi. Cire sunan Teksas ka sa hanyar Katsina zuwa Kano da azahar. Wannan badaƙala ta sa majalisar Amurka ta yi doka a 2000 wadda daga baya ta wajabta na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motoci. Fitilar nan mai kama da kofaton doki da wasu ke sa makanike ya kashe musu, asalinta ke nan.

15/ A gida ma mun gani. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar jif ɗinsu ta fashe. Allah ya kiyaye mu. Bayan nan ne hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta tsananta kamfen kan taya, har kalmar "ta yi esfaya" ta shiga bakin direbobi.

16/ Yanzu ga inda tarihin ke taɓa aljihunka. Tayar jif iri uku ce a kasuwa. M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya da faɗin rata. A/T ta tsaka-tsaki. H/T ta kwalta, zanenta ƙanana, a jere, da layuka masu zagaye ta don korar ruwa. M/T a cikin gari wahala ce tsantsa: kuka kamar jirgi, shan mai, ci ba daidai ba, kuma idan aka yi ruwan Agusta birkinta ya fi tsawo domin robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce.

17/ Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, wannan ya daina zama maganar ado. Taya mai nauyi da manyan haƙora tana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ta juya, injin kuma daga tankinka yake biya.

18/ Ba cewa nake kowa ya sa H/T ba. Mai gona a bayan Batagarawa, likitan dabbobi mai shiga ruga, ɗan kwangilar rijiyar burtsatse, waɗannan A/T ce tasu, gefenta ya fi jure dutse da kututture. Amma ka yi wa kanka adalci: a wata ukun da suka wuce, sau nawa tayarka ta sauka daga kwalta? Idan amsar ita ce ranar ɗaurin aure a ƙauye, to H/T za ta kai ka ta dawo da kai. Rairayinmu ma ba haƙora yake so ba, faɗi yake so, kamar ƙafar raƙumin can. Manyan haƙora tona rami suke yi a yashi. Rage iska kaɗan, bi a hankali, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta.

19/ Rubutun jikin taya ba kwalliya ba ne. Ɗauki 265/65 R17 112H. 265 faɗinta ne a milimita. 65 tsayin gefenta, kashi 65 cikin ɗari na faɗin. 17 girman wili a inci. 112 nauyin da za ta ɗauka, kilo 1,120 kowace ɗaya. H iyakar gudunta, kilomita 210 a awa. T na nufin 190, S kuma 180. Abin da kamfanin motarka ya yarda da shi yana manne a jikin ƙofar direba, har da yawan iska. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyin nan, musamman mai Hilux da ke loda buhunan masara daga Dandume.

20/ A kan iska, yawancin masu faci da ido ko da bugun ƙafa suke awo, wasu kuma su ɗura mata lambar da ke jikin tayar, wadda iyaka ce ba ƙa'ida ba. Sayi gejinka, ka auna da safe kafin ta ɗau zafi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, ta dafa kanta daga ciki. Yawancin tayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da makin jure zafi, A, B ko C. A ƙasarmu, nemi A.

21/ Wani kuskure da ya zama ruwan dare: sabuwa biyu a gaba, tsofaffi biyu a baya, ko kowace ƙafa da kamfaninta. A Prado da manyan Land Cruiser da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, bambancin girma tsakanin tayoyi na wahalar da giyar tsakiya, kuma gyaranta ya fi kuɗin taya. Idan biyu kaɗai aljihu zai iya, su zama iri ɗaya da na jiki, a sa sababbin a baya. Bayan mota ne ke kwacewa a kan jiƙaƙƙen titi, kuma shi sitiyari ba ya iya kamo shi da sauƙi.

22/ Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe. Tun shekarar 2000 haka tsarin yake: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3521 na nufin mako na 35 a 2021. FRSC na wa'azin shekara huɗu. Michelin ta ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, a shekara goma a cire ko da zanenta na nan. Da ranarmu da ramukanmu, ni na fi karkata ga lissafin FRSC.

23/ A shago, ka duba lambar da idonka a kan kowace ɗaya, domin taya na iya zama sabuwa a leda amma ta shekara uku a sito. Idan ka ga wurin lambar an kankare ko an goge, ka bar ta ko nawa aka rage. Zane kuma idan ya kai milimita 1.6, wato ya yi daidai da 'yan tudun da ke cikin layukan, ta gama aiki.

24/ Kafin ka bar wurin, a yi balansin da alaimen, sannan ka sa a sauko da safaya. A Hilux tana rataye a ƙarƙashin bodi, a wasu jifa-jifan tana goye a ƙofar baya tana shan rana shekara da shekaru. Sau da yawa ita ce wadda motar ta zo da ita daga kamfani, kuma lambarta ta DOT ta girmi duk sauran huɗun.