Wa Zai Ɗauki Nauyin Jego? Nazari a Kan Hutun Haihuwa da Albashinsa a Jos

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokar hutun haihuwa a Nijeriya da yadda take shafar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki a Jos. Ta nuna cewa tushen matsalar shi ne ɗora wa mai wurin aiki shi kaɗai biyan mai jego, sannan ta kawo hujjar kafa asusun haɗaka.

Gabatarwa

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda aka gada tun shekarun 1970, ya ba mai juna biyu damar ajiye aiki makonni 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki makonni 6 bayan ta sauka. Idan ta kai wata 6 a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashi, in ta koma kuma tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Gwamnatin Tarayya ta wuce nan ga ma'aikatanta: makonni 16 da cikakken albashi, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 na aiki ga uba. Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun kai hutun wata 6 ga ma'aikatansu. Ke nan ma'aikaciyar tarayya da malamar makarantar kuɗi a Bukuru za su iya haihuwa a ɗaki guda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, amma haƙƙinsu ya sha bamban.

Inda Gizo Yake Saƙa

Tun da harkar kuza ta ja baya, aikin albashi a Jos ya fi karkata ga gwamnati da ƙananan wurare: makarantun kuɗi, asibitocin 'yan kasuwa, otal-otal da shaguna. Mu ɗauki mai makaranta da ke biyan malama mafi ƙarancin albashi na 2024, Naira 70,000. Rabin wannan na kusan wata uku ya kai Naira 105,000, ga kuma ladan wanda zai riƙe ajin. Ga babban kamfani wannan ba komai ba ne. Ga makarantar da ke jiran kuɗin zango kafin ta biya albashi, nauyi ne. Dokar ta hana korar mace lokacin hutunta, amma ba ta da idon da za ta ga wanda ya ƙi ɗaukar amarya tun ranar ganawa, ko ya bar ta a matsayin ta wucin gadi. Ta haka kuɗin da aka ɗora wa mai gida yake komawa kan matar da aka so karewa, kuma wannan zalunci ne da dokar kanta ta buɗe wa ƙofa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hango hakan. Yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta tanadi makonni 14 da kashi biyu cikin uku na albashi, ta kuma ce a biya daga inshorar al'umma ko baitulmali. Nijeriya ba ta ɗaure kanta da ita ba. A Nijar kuwa hutun makonni 14 ne, kuma asusun inshorar al'umma na ƙasar, CNSS, yana ɗaukar rabin albashin.

Wasu za su ce masu sana'a sun gaji da haraji. Ƙorafinsu gaskiya ne, sai dai ai suna biya yanzu ma, a dunƙule kuma ba zato. Ƙaramin kaso a kan albashin kowa, namiji da mace, yana raba nauyin, ya kuma kawar da dalilin gudun ɗaukar mata. Tsarin ba baƙo ba ne: tun dokar 2010 ana biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF don diyyar rauni a wurin aiki. Wasu kuma za su kafa hujja da al'ada, cewa goyon ciki da wankan jego da kwana arba'in sun wadatar. Dangi suna ba da kulawa da kunun kanwa, amma ba sa biyan haya, kuma shayarwa zalla ta wata 6 da likitoci ke kira gare ta, wadda binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 29 cikin 100 kacal, ba ta yiwuwa ga uwar da ta koma aiki bayan makonni 6.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta mai sayar da tumatir a Farin Gada da mai wanke kuza a bakin kududdufi, waɗanda ba su da albashi balle hutu. Tsarin yanzu ba zai taɓa kaiwa gare su ba, domin ba su da mai gidan da za a tilasta wa. Asusu ne kaɗai zai iya karɓar gudunmawarsu ta hannun ƙungiyoyin kasuwa, kuma sun riga sun san adashi. Haka nan hutun uba: muddin daga aljihun mai shago zai fito, zai tsaya a kan ma'aikatan gwamnati.

Dokar ƙwadago hurumin Majalisar Tarayya ce, don haka gyaran sashe na 54 yana wuyanta. Amma Jihar Filato tana da hukumar PLASCHEMA mai tattara gudunmawar inshorar lafiya, kuma ya kamata Majalisar Dokokin jihar ta fara gwada tallafin jego ta wannan hanya.