Daga Madugu Zuwa Ofishin Jakadanci: Tarihin Guzuri da Izinin Tafiya Makka a Ƙasar Damargu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure a Tanut da Belbeji da Gangara da Tarka da sauran garuruwan Damargu, tambayoyi sun yawaita game da bizar yawon buɗe ido ta ƙasar Saudiyya, wadda ake shiga da ita sau da yawa cikin shekara guda. Wasu na tambayar sharuɗɗanta, wasu na kukan cewa an tsananta wa talaka da neman takardar banki, wasu kuma dillalai sun riga sun raɗa musu cewa da ita ake sauke farali cikin rahusa. Kafin a shiga hukunci, ya dace mu waiwayi tarihi, domin tambayar da ma'aikacin ofishin jakadanci yake yi wa maniyyaci a yau an daɗe ana yi wa kakanninmu ita: da me za ka tafi, da me za ka komo, kuma me ka bar wa iyalinka?

Damargu ta san matafiya tun kafin a san fasfo. Tana bisa babbar hanyar ayari wadda ta taso daga Tarabulus, ta biyo ta Gat da Abzin, ta sauko Damagaram da Kano. Geron ƙasar nan shi ke ciyar da mutanen Abzin, kuma a nan ayarin da ya ƙetaro hamada yake fara cika tayukansa da hatsi. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Damargu a watan Janairu na 1851 cikin ayarin gishiri na Kel Ewe, ƙarƙashin kariyar shugabansu Annur, kuma a nan ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, kowa ya kama gabansa. Ko shi da ya zo da takardun gwamnatin Ingila, bai iya ratsa Abzin ba sai da ya biya kuɗin rakiya. A wancan zamani amincewar madugu da kariyar mai ƙasa su ne izinin wucewa. Madugu kuwa ba ya ɗaukar wanda bai sani ba sai wani ya tsaya masa, kuma ba ya yarda da wanda salkarsa da guzurinsa ba za su kai shi rijiya ta gaba ba, domin mutum guda marar shiri yana iya jawo wa ayari duka halaka.

Alhazan farko na ƙasashen nan ta arewa suke bi, su ratsa Fezzan su faɗa Masar, daga can su shiga ayarin Alƙahira. Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa a 1324 da zinariya mai ɗimbin yawa, amma duk da haka sai da ya ci bashi hannun attajiran Masar kafin ya iya komawa gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin kuɗin dawowa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar maganar a dunƙule ba. Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajabcin hajji a kan iko, wato istiɗa'a, sai littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar na Halil, suka warware ma'anarta: mutum ya iya isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, ya kasance da lafiya, kuma ya amince wa ransa da dukiyarsa a hanya. Akwai sassauci guda da Malikiyya ta shahara da shi. Wanda yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kuma yana iya tafiya da ƙafa, ana lissafa shi cikin masu iko ko da bai mallaki guzuri da abin hawa ba. A kan wannan fatawa dubban talakawa suka dogara suka kama hanyar gabas, ɗinki da wanzanci da ƙira da karatun allo suna ciyar da su zango zango. Amma malaman sun kuma duba abin da zai mayar da mutum wurin da zai iya rayuwa idan ana tsoron ya tozarta a Makka, kuma ba su wajabta wa kowa cin bashin da ba shi da hanyar biya ba.

Kuma kuɗi ba su kaɗai ne sharaɗi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya yi niyyar wucewa Makka, sai ya mayar da almajirin gida, saboda mahaifinsa bai yi masa izinin tafiyar ba. Shehu ya koma, kuma har ya rasu a 1817 bai taka ƙasar Hijaz ba. Babu malamin da ya taɓa cewa addininsa ya tauye saboda haka. Ɗansa Muhammadu Bello ma bai yi hajji ba, har ya yi rubutu yana faɗakarwa game da ɓarnar da ke aukawa mahajjata a hanya. Ya kamata duk wanda kunyar rashin laƙabin Alhaji take neman tura shi ga dillali ya tsaya ya yi nazarin waɗannan bayin Allah biyu.

Da Nasara suka ci ƙasa, sai lamarin ya sauya kama. Cinikin Tarabulus ya durƙushe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin arewa ya ragu, hanyar gabas ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin ta zama ita ce hanyar talaka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Mutum yakan bar gida da saurayinsa ya komo da furfura, in ya komo ke nan. Da yawa sun tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira na Sudan domin tara kuɗin jirgin ruwa, shekara ta bi shekara, har suka hayayyafa a can. Wasu sun isa Jidda hannu wofi suka shiga bara, kuma abin da ya fi muni, an sami ƴaƴan mahajjata da suka faɗa hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Daga wannan tarihi sunan takari ya samo nauyin da yake da shi a bakin mutane.

Ganin haka, da kuma tsoron annobar kwalara, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiwon lafiya a birnin Paris a 1926, wadda ta nemi kowane mahajjaci mai shiga jirgin ruwa ya riƙe tikitin dawowa ko ya ajiye kuɗin da za su mayar da shi gida. Turawan Faransa kuwa suka ɗora nasu: fasfo, da shaidar lamba, da shaidar cewa maniyyaci yana da abin da zai ishe shi. Kada mu yi musu kyakkyawan zaton da ba su cancanta ba. Babban abin da ya dame su shi ne kada talakawan mulkinsu su haɗu da Musulmin duniya su komo da ra'ayin bijirewa, kuma kada a ɗora wa baitulmalinsu kuɗin kwaso waɗanda suka maƙale. Amma ta nan ne tambayar madugu ta koma takarda mai hatimi. Mutanenmu da yawa ba su bi ta ofishin kumandan ba, sai su gangara Kano ko Maiduguri su saje da ayarin masu tafiya a ƙasa, daga baya kuma a bayan manyan motoci zuwa El Obeid, inda jirgin ƙasa yake ɗaukarsu.

Jirgin sama ya taƙaita tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, sai cunkoso ya zama sabuwar matsala. A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da tsarin kaso, wato kujera guda ga kowane mutum dubu na Musulmin ƙasa. A kan wannan tsari Nijar take samun kujerunta, kuma hukumar COHO ce take kula da sha'anin hajji da umara tare da kamfanonin jigilar alhazai da ta amince da su. A ƴan shekarun nan kuɗin kujera ya haura miliyan 3 na sefa. Ga manomin gero ko makiyayin da shekara guda ta fari ke iya cinye rabin garkensa, wannan kuɗi ne mai nauyi, kuma ta wannan kafa dillalai suke shigowa.

A watan Satumba na 2019 Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a karon farko, ta ba ƴan ƙasashe 49 damar nemanta ta intanet. Tana aiki shekara guda, ana shiga da ita sau da yawa, zaman kuma ba ya wuce kwana 90. An ƙara ƙasashe daga baya, amma Nijar ba ta cikin jerin. Ɗan Nijar yana samun sauƙin ne idan yana riƙe da bizar Amurka ko Ingila ko ta ƙasashen Turai na Shengen wadda ba ta ƙare ba kuma ya riga ya shiga da ita, ko kuwa yana da takardar zama a ɗaya daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. In ba haka ba, sai ya nema ta hanyar ofishin jakadanci, inda ake buƙatar fasfo mai sauran wata shida aƙalla, da inshorar lafiya, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da shaidar sana'a, da takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗinsa. Mai niyyar umara kuma ana neman shaidar rigakafin sanƙarau da shawara daga mutanen yankinmu. Ita kanta bizar Turai da wasu ke ɗauka tsani ce, kuɗin nemanta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, wato wajen jika 59, kuma ba a mayarwa in an hana. A ƙa'idarsu, mai shiga sau da yawa ta shekara guda ana ba da ita ne ga wanda ya karɓi biza uku cikin shekara biyu ya kuma komo a kan lokaci. Madugu ma haka yake yi: wanda ya gwada a tafiya ɗaya shi yake amince wa a ta gaba.

Gaskiya ne wannan ma'auni bai dace da irin arzikinmu ba. Mutumin Belbeji mai raƙuma da shanu da rumbuna cike yana iya zama mawadaci a shari'a, zakka ta hau kansa, alhali ba shi da asusu a banki ko guda. Wannan ƙorafi ne mai tushe, maganinsa kuwa shi ne mai niyya ya buɗe asusu da wuri, kuɗin cinikinsa na gaskiya su riƙa bi ta ciki. Amma abin da ake ji yanzu, a zuba wa mutum kuɗin aro na kwana kaɗan a buga takarda a kwashe, ko a ƙaga masa shaidar aikin da bai taɓa yi ba, shaidar zur ce, kuma kyawun niyya ba ya wanke ta. Yaya za a buɗe tafiyar neman gafara da ƙarya a rubuce?

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Bizar yawon buɗe ido tana halatta umara a wajen lokacin hajji, amma ba a yin hajji da ita. A hajjin 1445, wato Yunin 2024, zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin hajji. Sun shiga da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido, ba su da hema a Mina da Arfa, ba su da motar ɗauka, suka yi ta tafiya cikin rana har ƙarfi ya ƙare. Ƙasar Masar ta soke lasisin kamfanoni 16 saboda wannan. Tun kafin hajjin, majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da bayani cewa bai halatta a tafi hajji ba tare da izini ba, kuma wanda ya kasa samun izinin yana cikin hukuncin wanda bai sami iko ba. Malaminmu na zaure ma zai kai ga wannan matsaya daga littafinsa, tunda amincin rai da dukiya yana cikin ma'anar istiɗa'a. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai Riyal 20,000, kusan kuɗin kujerar da ya guje wa, tare da kora da hana shiga ƙasar har shekara 10.

Saura maganar shiga sau da yawa, wadda ita ce ke jan hankalin masu hali. A mazhabar Imam Malik umara sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, kuma maimaita ta cikin shekara guda makaruhi ne, ko da yake Imam Shafi'i da wasu malamai sun ga babu laifi. Ɗan kasuwar da harkarsa ke kai shi Jidda sau biyu ko uku a shekara zai amfana da irin wannan biza wajen ziyara da umara, muddin ya kiyaye cewa ba ta ba shi damar kama aiki ko zarce kwanakinsa ba. Wanda kuwa bai sauke farali ba tukuna, kuɗin umara biyu ko uku da zai kashe sun isa su zama babban kaso na kujerarsa. Wanda ake bi bashi, ko wanda rumbunsa ba zai kai iyalinsa kaka ba, sai ya fara da waɗannan, ya rubuta sunansa a kamfanin da COHO ta amince da shi a shekarar da Allah ya hore masa, ya kuma karɓi rasit a kan kowane kuɗi da ya biya.

Wallahu a'alamu.